Yadda Ake Ɗaukar Bidiyon Tsohon Wasan Kwaikwayo Mai Waƙa Idan An Dawo Da Shi Dandamali

Wasan da ya daɗe a hannun jama'a ba ya tsayawa a kan zubi ɗaya. Wannan darakta ya yanke baiti biyu saboda dare ya yi, wancan ya ƙara waƙa don ya samu mai zaƙin murya, wani kuma ya sassauta kalmomin da zamani ya daina jurewa. Ko a ƙasashen da ake rubuta komai haka abin yake. Wasan Show Boat da aka fara a Niyok a 1927 an yi fim ɗinsa a 1936 da 1951, an dawo da shi dandamali a 1946 da 1994, kuma jerin waƙoƙinsa bai zo iri ɗaya ba a waɗannan lokutan. A wajenmu lamarin ya fi haka yawa, domin karin waƙa da salon kiɗa a ƙwaƙwalwar mutane suke. Ranar da aka kafa kyamara, abin da ta kama shi 'yan baya za su ɗauka a matsayin asali. Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a zo da kayan ɗauka.

A fara tantance wane zubi ake yi

Makonni 3 kafin wasa, mai ɗauka ya zauna da darakta da sarkin kiɗan ƙungiya, a tattaro duk abin da ya rage na da: littafin da aka buga idan akwai, takardun gwaji masu gyaran biro, kaset na rediyo ko na bidiyo, da dattawan da suka taka rawa a baya. A Zariya ba a rasa irin waɗannan mutane tsakanin Samaru da Kongo da cikin birni. Kowannensu a saurare shi shi kaɗai, ya rera abin da ya riƙe ana naɗa a waya. In aka haɗa su wuri ɗaya, ƙanana sukan bi bakin babba don kunya, bambancin da ake nema ya ɓace.

Daga nan a ja layuka a takarda. Kowace waƙa ta samu layinta: fitowar da take ciki, wanda yake rera ta, yawan baitocinta a littafi, yawansu a tsohon kaset, yawansu a wasan bana, kayan kiɗan da suke raka ta, da tsawonta a agogo. Inda aka musanya goge da fiyano, ko aka mayar da waƙar mace ɗaya ta koma ta 'yan amshi, a rubuta, a kuma rubuta dalilin darakta da kalmominsa. Wannan takarda ita za ta faɗa wa masu kyamara inda za su duba, ita ce kuma za ta bi bidiyon duk inda ya je.

Maganar izini ma a nan take. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu da kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, kuma izinin yin wasa a gaban jama'a daban yake da izinin ɗauka a sa a YouTube. A nemi magada ko kamfanin da ya buga littafin, a kuma karɓi sa hannun 'yan wasa da makaɗa.

Sauti

Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji baitin ba zai kashe. Kada a dogara da makirfon da yake jikin kyamara. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka kyamarar da take mita 17 daga dandamali tana jin murya bayan kusan kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, wanda ya fi tsawon firam ɗaya (hoto guda daga cikin jerin hotunan da suke yin bidiyo), sai a ga baki ya riga magana. Ga kuma tarin 'yan kallo da hirarsu duk a ciki.

Manyan mawaƙa kowa ya samu ƙaramin makirfo maras waya. Kada a maƙala shi a ƙirji, domin babbar riga mai sitaci da mayafi suna gogarsa da zarar an fara rawa. A manna shi a gefen kunci ko a goshi ƙarƙashin hula ko ɗankwali, da filastar asibiti, a goge wurin da auduga tukuna don zufa. Batir sabo kowane dare. 'Yan amshi a rataya musu makirfo 2 ko 3 a gabansu, kimanin mita ɗaya sama da kawunansu.

Makaɗa su ne babbar matsala, kuma dalilin a fili yake: an ƙera kalangu da ganga da algaita ne don fili, su kai sauti nesa ba tare da lasifika ba. In suna kusa da mawaƙi sai su cika makirfonsa, ranar tacewa kuma babu yadda za a rage kiɗa ba a rage murya ba. A zaunar da su gefe, aƙalla mita 4 daga inda ake rera waƙa, bakin algaita yana kallon waje. Kalangu a ba shi makirfo taku biyu daga jikinsa, saboda makaɗi yana juyi da shi a hammata. Goge da garaya kuwa muryarsu ƙarama ce, a kusanto musu.

A naɗi kowane makirfo a layinsa daban a kan 48 kHz da bit 24, ƙololuwar ƙara ta tsaya wajen -12 a ma'aunin ƙara na na'urar naɗa. A gwada wannan da waƙar da ta fi kowacce tashi, har da guɗa, don guɗa ita take fasa sauti. Abin da mai miksa (na'urar haɗa sauti) yake aika wa lasifikan 'yan kallo bai isa ba shi kaɗai: yakan rage ganga tunda ana jin ta a fili, sai bidiyo ya fito murya tsirara. A ƙara makirfo biyu suna kallon jama'a don tafi da dariya.

Janareta ya yi nisan mita 30 ko fiye, bayan katanga. Miksa da na'urar naɗa su sha wuta daga soket ɗaya, a kuma raba wayarsu da ta fitilu, in ba haka ba a ji gurnanin wuta ƙarƙashin kowace waƙa. A kan janareta za a fara tun farko ko da akwai wutar gari, don sauyawa a tsakiyar wasa tana kashe fitilu da miksa tare.

Kyamarori da haske

Uku sun wadatar. Ɗaya a tsakiya daga baya, a kan ƙafa, ta kama dandamali dukansa, ba a taɓa ta. Biyu a hagu da dama suna bin fuskoki, kowacce tana kama wanda yake fuskantar ta daga ɗaya ɓangaren. Duka a sa su firam 25 a daƙiƙa da saurin ƙifta (tsawon lokacin da idon kyamara yake buɗe ga kowane firam) 1/50 na daƙiƙa, domin wutar Najeriya 50 Hz ce. Wanda ya bar tasa a firam 30 da 1/60 zai ga haske yana rawa a hoto, musamman da fitilun LED masu araha. Daidaita fari (saita kyamara a kan launin hasken fitila) da hasken kyamara duk da hannu za a yi, iri ɗaya a kan ukun: 3200K ga fitila mai ja-ja, 5600K ga mai hasken rana. In aka bar kyamara ta zaɓa da kanta, farar shadda tana shigowa za ta dushe fuskoki. A roƙi mai kula da sutura ya ba da ruwan madara ko shuɗi mai haske a madadin fari fat.

Wasu tsofaffin kyamarorin hoto suna tsayawa da kansu kafin minti 30, a bincika. A kan 50 Mbps (yawan bayanan da kyamara take naɗa a daƙiƙa) awa ɗaya tana cin kusan 22 GB, wato kyamara 3 a wasan awa 2 suna buƙatar wajen 135 GB kowane dare. Kafin a buɗe wasa da bayan hutun rabin lokaci, mutum ɗaya ya tsaya inda duka suke ganinsa ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, da wannan za a jera hoto da sauti.

A buɗaɗɗen wuri irin Drama Village na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ginin ƙasa ne, 'yan kallo suna kusa da 'yan wasa, ana kuma shigowa ta fuskoki da yawa, don haka masu kyamara su kalli gwaji biyu cikakku kafin ranar. Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da hunturu ƙura tana bayyana a cikin hasken fitila, murya tana bushewa, fatar ganga tana ɗamewa. Da damina fatar tana saki, ga hadari. A fara bayan Isha'i, ko a sa hutu ya faɗo daidai lokacin salla.

Dare nawa, kuma yaya ake haɗawa

A ɗauki dare biyu da jama'a, sannan yini ɗaya babu kowa don kusanto fuskoki. Amma a sani cewa makaɗa ba sa maimaita gudu ɗaya, mawaƙi ma yakan ɗaga waƙa sama ko ƙasa kaɗan da yadda ya yi jiya. Shi ya sa ba a yanka daga dare zuwa dare a tsakiyar waƙa. A zaɓi dare ɗaya ya zama uwa. In wata waƙa ta fi kyau a ɗaya daren, a ɗauko ta ɗungurungum daga farkon kiɗa zuwa tafi. Ranar kusanto fuskoki a kunna sautin daren uwa a lasifika, 'yan wasa su rera da murya a kansa, don jijiyar wuya tana tona wanda yake motsa baki kawai.

Wajen tacewa a bar rawa ta fito da ƙafafu. Idan amshi ya shigo a koma hoto mai faɗi, a ga masu bayarwa da masu karɓa tare. Kirarin da makaɗi ya jefa wa wani baƙo a daren, ko baitin da mawaƙiya ta ƙara nan take, a bar shi, amma a nuna a rubuce cewa na wannan dare ne.

Allon ƙarshe ya ɗauki sunan marubuci, wanda ya yi karin waƙoƙi, wuri, ranakun da aka ɗauka, zubin da aka bi, waƙoƙin da aka cire da waɗanda aka ƙara. Baitocin da aka yanke a sa mawaƙa su rera su a zaune, a ajiye a matsayin ƙari. Hoton kyamarar tsakiya wanda ba a taɓa ba, da layukan sauti daban-daban, da takardar nan ta farko, a yi musu kwafi 3 a ma'ajiya daban-daban, ɗaya a bai wa laburare ko sashen wasan kwaikwayo, kuma a riƙa kunna kowace ma'ajiya sau ɗaya a shekara a tabbatar tana buɗewa.