Yadda za ka zana jadawalin ciniki don tallan kayanka

Mai saye ba ya tsayawa karanta dogon lissafi a WhatsApp, amma zane yakan tsayar da yatsarsa.

Da farko buɗe Google Sheets, manhajar Google ta jera lissafi a tebur, a kwamfuta. A layin A jera sunayen kayan, a layin B adadin da ka sayar na kowanne. Huɗu ko biyar sun isa.

Sai ka zaɓi layukan biyu, ka danna Insert, sannan Chart. Cikin nau'o'in zanen, ɗauki mai sanduna. Mai da'ira, wanda ake yankawa kamar kankana, yana da kyan gani, amma in kaso biyu suka kusa daidai, ba mai gane babban.

Duba lambobin gefe, su fara daga 0. In suka fara daga 80, sandar 100 za ta ninka ta 90 tsawo, alhali tazarar goma ce kacal. Wannan yaudara ce.

Kayan da kake talla ba shi launi mai ɗaukar ido, sauran ruwan toka. Taken ya faɗi labarin: "Turaren wuta ya fi komai fita."

Danna ɗigo ukun kusurwar zanen, ka sauke shi a PNG, wato a matsayin hoto, ka duba a wayarka ko rubutun yana karantuwa.