Kurakuran da masu kallon resilin ke yi game da ƙananan kambunan WWE

WrestleMania ta 40, babban taron shekara-shekara na kamfanin kokawa na WWE, ta faɗo ne a goman ƙarshe na azumin 2024, saboda haka sai bayan sallah muka samu zama muka kalle ta ni da ɗan yayana, a wayarsa, mun jingina ta da fulas ɗin shayi a zaure. Da alƙalin wasa ya buga tabarma sau uku, Sami Zayn ya kwace kambun Intercontinental daga hannun Gunther, na miƙe tsaye ban sani ba. Yaron ya dube ni ya ce, "Baffa, ai ƙaramin bel ne. Bari a zo kan na Roman Reigns." Babban kambun kamfanin yake nufi. Maganar ta tsaya mini a rai, don mutumin da aka kada ɗin ya yi kwana 666 yana riƙe da bel ɗin nan, abin da ba wanda ya taɓa yi tun da aka ƙirƙiro shi a 1979. Daga baya na lura ba shi kaɗai ba ne. A gidajen kallo da majalisu da shafukan Facebook, kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa a kan kambun Intercontinental da kambun Amurka.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar su a matsayin kyautar rarrashi, wato abin da ake miƙa wa wanda bai isa ya zama zakaran duniya ba don kada ya tafi hannu rabbana. Gaskiya ne a tsarin kamfanin suna ƙasa da kambun duniya. Amma aikinsu daban ne. Zakaran duniya shi ne fuskar kamfani, shi ake sa wa a jikin fasta don a sayar da tikiti. Mai ƙaramin kambu kuwa, a al'adar da aka gada, shi ne ɗan kokawar da ake jingina da shi idan ana son a ga kokawa ta gaske, mai tsawo, mai fasaha, mako bayan mako. A WrestleMania ta 3, a 1987, karawar Hulk Hogan da Andre the Giant ce ta tara jama'a, amma wadda 'yan kokawa da kansu suke ta nazari har gobe ita ce ta Randy Savage da Ricky Steamboat, kuma a kan Intercontinental aka yi ta. A 1994 Razor Ramon da Shawn Michaels suka yi karawar tsani a WrestleMania ta 10, aka rataye bel a sama suna hawa suna faɗowa, nan ma dai a kan wannan kambun ne. Wadda ta fi burge ni ita ce ta SummerSlam 1992 a filin Wembley na Landan, gaban mutum kusan 80,000. A daren an yi karawar kambun duniya tsakanin Savage da Ultimate Warrior, amma a tsakiyar shiri aka sa ta. Da Bret Hart da surukinsa British Bulldog aka rufe taro, a kan "ƙaramin bel". Maganin wannan kuskuren ba wuya: kafin ka raina kambun, nemi waɗannan karawa uku ka kalle su daga farko har ƙarshe, ban da tsallake.

Sunan ba iyaka ba ne

Wasu na ɗauka kambun Amurka sai Ba'amurke, na Intercontinental kuma sai baƙo. Wasu ma har musu suke yi cewa tunda kalmar na nufin tsakanin nahiyoyi, to tana gaba da kowane kambu. Duka biyun ba haka ba ne. Shinsuke Nakamura ɗan Japan ya riƙe na Amurka, Sheamus ɗan Ayalan ya riƙe, Rusev ɗan Bulgeriya ma haka, kuma kamfanin da gangan yake ɗora shi a kafaɗar baƙo don ya tunzura 'yan kallon Amurka. Sunan Intercontinental kuwa daga ƙagaggen labari ya fito. Pat Patterson yana riƙe da kambun Arewacin Amurka a 1979, sai aka sanar cewa ya ci wata gasa a birnin Rio de Janeiro na Brazil ya haɗe shi da na Kudancin Amurka. Ba a taɓa yin gasar ba. Nahiyoyin da ake nufi biyu ne kacal.

Haka nan masu cewa duka kambunan biyu 'ya'yan WWE ne sun yi kuskure. Na Amurka ya girmi Intercontinental da shekara huɗu, kuma a gidan kishiya aka haife shi: a 1975, a kamfanin iyalan Crockett, Harley Race ne ya fara riƙe shi. Ya bi ta hannun WCW, kamfanin da ya gaji na iyalan Crockett, ya shigo WWE ne bayan ta sayi WCW a 2001. Shi ya sa idan ka duba jerin zakarunsa za ka ga Ric Flair da Sting da Lex Luger da Goldberg, waɗanda a wancan gidan suka ci shi. Luger ne ke da riƙo mafi tsawo, kwana 523.

Ƙirgen "sau nawa ya ci"

Nan ne na fi shan gardama da abokai. Da an fara musu sai wani ya zaro waya ya ce Chris Jericho sau 9 ya ci Intercontinental, The Miz sau 8, Gunther kuma sau 1 tak, don haka magana ta ƙare. Abin da aka manta shi ne, wanda ya ci kambu sau 9 ya rabu da shi sau 9. Ba ina rage wa Jericho daraja ba ne, gwani ne na gaske. Amma adadin ci kaɗai ba ya gaya maka komai a kan nauyin riƙon. Zack Ryder ya ci kambun a WrestleMania ta 32 a 2016, washegari da dare Miz ya karɓe. Dean Douglas an miƙa masa shi a 1995 ba tare da ya yi kokawa ba, Razor Ramon ya kwace a daren. A littafi, kowannensu "sau 1" ne, daidai da Gunther.

To sai wani ya ce a ƙirga kwanaki ke nan. Nan ma akwai rami. Dean Ambrose ya yi kwana 351 da kambun Amurka daga 2013 zuwa 2014, amma yana cikin ƙungiyar Shield a lokacin, yawancin karawarsa ta taron dangi ce, bel ɗin ya zama kamar ado a ƙugu. Logan Paul ya karɓe shi daga Rey Mysterio a Riyad a Nuwamba 2023, ya riƙe har Agusta 2024 da LA Knight ya kada shi, amma sau nawa ya sa shi a faifai a duk tsawon watannin nan? Ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ni yadda nake auna riƙo, tambaya uku nake yi. Sau nawa ya kare kambun a karawar da za a iya kwace shi? Su wa ya kara da su, manya ne ko cikon benci? Sannan, ranar da ya rasa shi, wanda ya karɓa ya ƙaru da wani abu? Gwada wannan ma'aunin a kan Gunther. Ya kara da Sheamus a Kardif a 2022, suka yi wa juna dukan da ƙirjin Sheamus ya koma ja kamar gauta. Ya haɗa Sheamus da Drew McIntyre a WrestleMania ta 39 ya fita da bel ɗinsa. Ya yi ta fama da Chad Gable har 'yan kallo suka fara yarda Gable zai iya. Saboda haka da Sami Zayn ya kada shi, nasarar tana da nauyin duk waɗanda suka gwada suka kasa. Abin da ya miƙar da ni tsaye a zaure ke nan.

Honky Tonk Man, wanda ya riƙe tarihin kafin Gunther da kwana 454, ta wata hanya ya bi, kuma ita ce ke kai mu ga wani kuskuren. Sau da yawa za ka ji gidan kallo ya kaure da ihu an ɗaga hannun jarumi, can kuma a ga bos ya rungumi bel ɗinsa ya fice, sai a fara cewa an yi maguɗi. Doka ce tsohuwa: kambu ba ya sauya hannu idan an kori zakara saboda keta doka, ko an ƙirga masa goma yana wajen fage, sai dai in an sanar tun farko cewa an ɗage wannan sharaɗin. A karawar mutum biyu ta yau da kullum, dole a danne kafaɗunsa a ƙirga uku, ko ya sallama da kansa. Honky ya mayar da wannan dokar sana'a. In ya ga wuta sai ya tsere ko ya jawo a kore shi, ya sha kaye a takarda, ya kwana da kambu. Jama'a suka ƙullace shi fiye da shekara guda, shi ya sa da Ultimate Warrior ya murƙushe shi cikin daƙiƙa 31 a SummerSlam 1988 wurin ya kusa tsagewa. Haka kuma ba duk karawar da zakara ya shiga ce ta kambu ba. Ka saurari mai sanarwa kafin a buga ƙararrawa, ka kuma duba ko alƙali ya ɗaga bel ɗin sama ya nuna wa jama'a. In bai ɗaga ba, ba a sa shi a caca ba.

Rasa kambu ba faɗuwa ba ne

Tunda masu tsara shiri ne ke yanke wanda zai ci, rasa ƙaramin kambu sau da yawa sallama ce zuwa aji na gaba. Bret Hart ya rasa Intercontinental a Wembley a watan Agusta 1992, a watan Oktoba ya kada Ric Flair ya zama zakaran duniya. Gunther ya rasa nasa a Afrilu 2024, a Agusta ya karɓi kambun duniya daga Damian Priest. Idan ka ga an kada zakaran da ke tashe ba tare da an wulaƙanta shi ba, kada ka yi saurin cewa tasa ta ƙare. Ka sa ido watanni uku ko huɗu.

Sai dai kada a juya maganar ta zama wani kuskuren, a ce duk wanda ya riƙe ƙarami dole ya hau babba, in bai hau ba ya gaza. Mr. Perfect bai taɓa zama zakaran duniya a WWE ba. Razor Ramon bai taɓa ba. Roddy Piper ma haka, kuma babu mai hankalin da zai kira waɗannan ukun 'yan baya. Wani kuma hawan nasa na ɗaukar lokaci. Kofi Kingston, haifaffen Kumasi a Ghana, ya fara cin Intercontinental a 2008 a hannun Jericho, ya ci shi sau 4, ya ci na Amurka sau 3, amma sai 2019 ya kai ga kambun WWE, bayan shekara 11. Apollo Crews, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya riƙe na Amurka a 2020, ya kuma kada Big E ya ɗauki Intercontinental a WrestleMania ta 37 a 2021. Wanda ba ya bin ƙananan kambuna ya rasa mafi yawan tarihin waɗannan mutane. Haka Oba Femi, ɗan Legas: da kambun Arewacin Amurka na NXT, sashen WWE na masu tasowa, ya fara nuna ko shi wane ne, ya riƙe shi kwana 273 a 2024 kafin ya ci babban kambun NXT.

Ban ɗora wa 'yan kallo laifin duka ba, don kamfanin da kansa ya koya musu rainin. A Oktoba 2002 aka haɗe Intercontinental da kambun duniya bayan Triple H ya kada Kane, aka ajiye shi gaba ɗaya, sai a Mayu 2003 aka dawo da shi. An yi shekarun da zakaran ƙaramin kambu shi ne wanda manya ke tattakawa a karawar da ba ta kambu ba, duk mako. Yaron da ya taso a wannan zamanin, me zai hana ya ce ƙaramin bel ne? Amma an ga gyaran ma da ido. A 2015 John Cena, wanda ya riga ya ci kambun duniya ba adadi kaɗan ba, ya karɓi na Amurka daga Rusev, ya riƙa fitowa yana cewa duk mai so ya fito. Cesaro ya fito, Neville ya fito, Sami Zayn ya fito a garinsu Montreal. Cikin 'yan watanni wannan ya zama abin da ake jira a shirin Raw. Yanzu mata ma suna da nasu: Chelsea Green ce ta fara riƙe na Amurka a Disamba 2024, Lyra Valkyria ta fara riƙe Intercontinental a Janairu 2025, shekaru bayan Chyna ta ci na maza a 1999.

Ɗan yayan nawa na tura masa karawar Wembley. Bayan kwana biyu ya shigo zaure da wayar a hannu, ya tsayar da hoton daidai inda Bulldog ya durƙusa a kan kafaɗun Bret ya riƙe ƙafafunsa, ya ce, "Baffa, da Bret ya rasa wannan, wa ya karɓe shi a hannun Bulldog?" Na ce Shawn Michaels. Ya ja kujera ya zauna.