Kurakuran tafiyar da ma'aikata da ke cutar da tsofaffi a gidajen kula da su a Ingila

Idan dattijuwa ta yi gyambo a baya saboda an bar ta kwance a gefe guda, mai kula da ita ake fara tuhuma. Amma galibi ɓarnar daga ofishin manaja take farawa, inda ake yanke wanda za a ɗauka, nawa za a biya shi, da mutum nawa za su kwana a bakin aiki.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar ficewar ma'aikata a matsayin abin da ba makawa. Alƙaluman Skills for Care, ƙungiyar da ke bibiyar harkokin ma'aikatan kula, na 2022/23 sun nuna kusan kashi 28 cikin 100 na ma'aikatan wannan fanni a Ingila sun bar aikinsu cikin shekara guda, ga gurabe kusan 152,000 babu kowa. Manaja zai ce gurbi ne, a cike shi. To, gurbi na cikuwa, sanin mutum ne ba ya dawowa. Matar da ta shekara biyu tana yi wa dattijo mai cutar mantuwa wanka ta san cewa in ya fara ture abinci yana ruɗewa fiye da kullum, mai yiwuwa ciwon mafitsara ne ya kama shi, sai ta kira ma'aikaciyar jinya tun da wuri. Sabuwar zuwa za ta rubuta cewa ya ƙi ci, shi ke nan, bayan kwana uku sai asibiti. Gyaran ba boyayye ba ne. A bar kowace mai kula da tsofaffin da ta saba da su, a daina juya ta sashe-sashe. A ba ta tabbatattun awoyin aiki maimakon kwangilar da sai an kira ka. Kuma a sa bambanci a albashi, domin abin takaici ne a ce ratar da ke tsakanin mai shekara biyar a aiki da wadda ta zo jiya ba ta taka kara ta karya ba.

Daga nan sai dogaro da ma'aikatan haya na kamfanoni, tare da ƙin biyan wanda ya kwanta rashin lafiya. Korona ta tona wannan asiri. Binciken Vivaldi da aka yi a gidajen Ingila a 2020 ya gano cewa cutar ta fi yaɗuwa inda ake yawan amfani da 'yan haya, ta kuma yi sauƙi inda ake biyan kuɗin hutun rashin lafiya. Wanda ya san kwanciyarsa asarar kuɗin hayar gida ce, da zazzaɓinsa zai zo ya shayar da tsohuwa shayi.

Horo ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Tun 2015 akwai Care Certificate, wato takardar shaidar horon farko na masu kula, amma amsa tambayoyi a kwamfuta ba ya koya wa mutum ɗaga mara lafiya daga gado. Sai ya bi gogagge, an gan shi yana yi, kafin a bar shi shi kaɗai. Aikin dare kuma a lissafa shi bisa buƙatar mazauna gidan, ba yawan gadaje ba.

Wanda ya fi damuna shi ne rufe bakin ma'aikata. A gidan Orchid View da ke West Sussex, mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke a 2013 cewa sakaci na da hannu a rasuwar mutum biyar, kuma ma'aikaciyar ofis ce ta fallasa abin da ke faruwa. Wannan ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye, domin tun da aka buɗe bizar masu kula a Fabrairun 2022 da yawansu sun tafi can, kuma zamansu a ƙasar na hannun wanda ya ɗauke su aiki. An rufe ɗaukar sababbi daga waje a Yulin 2025, amma waɗanda ke can suna nan cikin wannan fargaba. Wadda ke tsoron rasa biza ba za ta ce an yi kuskuren magani ba. Manaja na gari ya fito fili ya gaya wa ma'aikatansa, a rubuce, cewa kai rahoto ba zai taɓa aikinsu ba, ya kuma liƙa lambar wayar CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula, a ɗakin hutunsu, inda za su iya kira ba tare da sun bi ta ofishinsa ba.