Yadda na magance koriyar fumfuna a ledojin naman kaza

Naman kazan nan mai faɗin kunne da ke fitowa a jikin ruɓaɓɓen itace a daji yana yi a gida kan bambaron shinkafa. Matsalar ita ce ledojin da ake cusa bambaron da irin naman kazan a ciki su yi fari kamar abin kirki, sai kore ya ɓulla ya cinye su.

Dusar da ake haɗawa da bambaron ce babbar mai laifi. Fumfuna ta fi naman kaza saurin cin ta, don haka na daina zuba ta gaba ɗaya. Bambaron kuma na daddatsa shi kamar tsawon yatsa, na nutsar da shi cikin duro mai ruwan zafi digiri 65 zuwa 75 na awa ɗaya. Kada ruwan ya tafasa, domin tafasawa na kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hana fumfuna yaɗuwa.

Na tsane bambaron har sai an matsa da hannu ɗigo ɗaya ko biyu kawai ya fito, na bari ya huce ƙasa da digiri 30, sannan na cuɗa iri kilo 1 ga jiƙaƙƙen bambaro kilo 10. Bayan an cusa haɗin a ledoji, a jera su da tazara, don suna yin zafi da kansu.

Ledar da ta riga ta yi kore, kada a buɗe ta a ɗaki. A fita da ita nesa a binne.