Yadda ake zaɓen faifan kiɗan gargajiyar Turai don sharhi a rediyo

Mai gabatar da shirin da ake kamawa a ƙauyukan Ringim, Gumel ko Kazaure ya kamata ya fara da sanin irin akwatin da ake saurarensa da shi. Galibi ƙaramar rediyo ce mai batir, a rataye a reshen bishiya a gona ko a ajiye a kan tabarma bayan sallar isha'i. Saboda haka matakin farko shi ne a gwada kowane faifai a irin wannan rediyo kafin a sa shi cikin jadawali. Kiɗan da yake yin ƙasa-ƙasa na tsawon lokaci kafin ya ɓarke da ƙara ba ya fita a ƙaramar lasifika, domin mai sauraro zai zaci batir ne ya yi sanyi, ya murɗa zuwa wata tasha.

Mataki na biyu shi ne auna tsawo. Simfoni (wato dogon kiɗa na taron makaɗa) ta tara ta Beethoven, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, wadda aka fara kaɗawa a birnin Biyana a 1824, ta haura awa guda, don haka a shirin minti talatin sai a ɗauki yanki ɗaya. Kiɗan yanayi huɗu na Vivaldi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, wanda aka wallafa a 1725, ya fi sauƙin sha'ani, tunda kowane kashi bai wuce minti goma da 'yan kai ba, kuma gogen Turawa ne yake jan ragamarsa, kunnen Bahaushe kuwa ya daɗe da sanin muryar goge.

Mataki na uku shi ne ya fi muhimmanci a ganina. Sharhi yana buƙatar abin kwatantawa, saboda haka a nemo ɗauka biyu na kiɗa ɗaya. Glenn Gould, makaɗin piyano ɗan Kanada, ya ɗauki kiɗan Goldberg na Bach, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a 1955 yana kaɗa shi da sauri, sannan ya sake ɗaukarsa a 1981 yana tafiya a hankali, musamman a buɗewarsa. Idan aka saka minti biyu na farkon kowanne a jere, manomin da bai taɓa jin sunan Bach ba zai gane bambancin da kansa, mai sharhi kuma ya sami abin faɗa wanda ya wuce "wannan yana da daɗi".

Bayan haka a bar wa 'yan gida gurbi. Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, ya tsara kiɗa ga kayan tsirkiya na Turawa da karin Afirka ta Yamma, irin wannan kuwa yana saurin shiga kunne a nan.

Daga ƙarshe a bincika haƙƙin mallaka. Bach ya mutu tun 1750, amma faifan da aka ɗauka a zamaninmu yana da masu shi, don haka a tabbatar lasisin gidan rediyon ya ƙunshe shi kafin a kai wa shugaban sashen shirye-shirye jadawalin ya sa hannu.