Sabuwar gitar bes mai tsohon ƙira: kurakuran da ake yi a makon farko

Tun 1982 kamfanin Fender ya fara sake ƙera tsofaffin gitocinsa na bes, wato gitoci masu kaurin sauti, kamar yadda suke a da, irin Precision ta 1957 da ta 1962 da Jazz Bass ta 1962. A 2022 ya fito da jerin American Vintage II, inda akwai Precision ta 1954 da ta 1960 da Jazz Bass ta 1966. Höfner na Jamus ma ya yi haka da 500/1, wadda Paul McCartney na ƙungiyar The Beatles ya sa duniya ta sani. Mutum ya tara kuɗi ya sayi irin wannan, ya buɗe akwati da zumuɗi da safe, kafin la'asar ya fara ƙorafi: sauti ya toshe, wuya ya yi faɗi, kunnuwan ɗaure tsirkiya na juyawa baibai. Yawancin ƙorafin nan ba lahani ba ne. An sayar masa da kayan 1960 ne da halinsu na 1960, shi kuma ya zo da kunnen da ya saba da bes na zamani.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a kan tsirkiya yake. Iri biyu ne manya: mai santsi, wadda aka naɗe da faffaɗan zaren ƙarfe har yatsa na zamewa a kanta, da mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyen zare. A shekarun 1950 da farkon 1960 mai santsi ce kowa ke kaɗawa. Mai kaushi ta yi ƙarfi ne bayan 1966, lokacin da Rotosound na Ingila ya fito da Swing Bass tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who. To, gitar da aka sake ƙerawa wata da wannan take zuwa, wata da waccan, kuma kowane ɓangare da nasa kukan. Wanda tasa ta zo da mai kaushi sai ya ce ba ta yin sautin tsofaffin fayafayai, ya fara tunanin canza maganaɗisun ɗaukar sauti, alhali kuɗin tsirkiya saiti ɗaya ne maganinsa. Wanda tasa ta zo da mai santsi kuma sai ya ce ta mutu, ya kwance ya jefar a rana ta biyu.

Shi na biyun nan ya fi ba ni takaici. Sabuwar tsirkiya mai santsi ba ta da daɗi a kwanakin farko: tana da tauri, tana da wata ƙarar ƙarfe a sama, kuma sau da yawa tsirkiyar E, mafi kauri, kan yi duhu yayin da G, mafi siranta, ke tsiwa. Sai an kaɗa ta na makonni kafin huɗun su daidaita, sautin ya zauna. Daga nan tana iya shekaru a jikin gita. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin faifai na Motown a Ditiroit da Precision ta 1962, tsirkiyar La Bella mai santsi yake sawa, kuma ba ya canza ta sai ta tsinke. Akwai ma abin da masu neman wannan sauti ke mantawa: tsofaffin Fender suna da soso a ƙarƙashin murfin gadar da tsirkiyoyi ke hawa, yana danne su don sauti ya yanke da wuri. Yanko ɗan soso, cusa shi ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da gada, rage maɓallin kaifin sauti zuwa rabi, sannan ka yanke hukunci.

In ka canza irin tsirkiya, ka canza ƙarfin da ke jan wuya. Mai santsi galibi ta fi mai kaushi ja ko da kaurinsu ɗaya, misali saiti mai lambar kauri 45 zuwa 105, balle saiti mai nauyi irin 52 zuwa 110. Wuya zai lanƙwasa gaba, tsirkiyoyi su tashi sama, yatsu su fara ciwo. Nan ne mutane ke kama sukurorin gada suna saukarwa har ƙasa, sai kuma ƙarar gogar ƙarfe ta ɓullo a can ƙasan wuya. An fara daga inda ya kamata a ƙare. Da farko a duba lanƙwasar wuya: danne tsirkiyar E a firet na farko da na ƙarshe lokaci ɗaya (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a jikin wuya), ka dubi tazarar da ke tsakaninta da firet na 8. Kamata ya yi ta kai wajen milimita 0.3, kusan kaurin katin waya. In ta wuce haka sosai, sandar ƙarfen da ke cikin wuya ce ke son ɗauri. Bayan ita sai tsayin tsirkiya a gada, sannan a ƙarshe a daidaita sautin firet na 12 da na tsirkiyar in ba a danne ta ba.

Sandar nan kuwa a tsohon ƙira ba ta saman kai ake juya ta ba. Notinta na gindin wuya, inda ya haɗu da jiki, rabinsa a ɓoye. Mai gaggawa kan cusa sukundireba a karkace, ya ɓantare fenti, ya cinye bakin notin. Hanyar ita ce a sassauta tsirkiyoyi, a sassauta sukurori huɗu na bayan wuya, a ɗan ɗaga gindinsa, a juya kwata ɗaya kacal, a mayar, a ɗaure, a bar shi ya kwana kafin a sake aunawa. Aiki ne mai cin rai, amma haka Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, ya tsara shi. In notin ya ƙi juyawa, kada ka yi masa ƙarfi, kai wa mai gyara.

Wajen ɗaura tsirkiya ma ana asara. Precision da Jazz tsawonsu inci 34 ne daga gada zuwa bakin wuya, Höfner 500/1 da Mustang kuwa wajen inci 30. In ka sa doguwar tsirkiya mai santsi a gajeriyar gita, kaurinta zai naɗu a jikin kunne, kuma a nan take karyewa. Siririn ƙarshen nan mai zare ne kawai ya kamata ya naɗu. Kafin ka yanke, bar kamar santimita 10 bayan kunnen, lanƙwasa ƙarshen tukuna sannan ka yanke bayan lanƙwasar, ka cusa shi cikin ramin tsakiyar kunne, naɗin ya riƙa gangarowa ƙasa. Tsirkiyar A ta fi son naɗi da yawa, domin D da G suna da ɗan ƙarfen da ke danne su a kai, ita ba ta da shi. In ka ji A na ƙara ba tare da ka danne ta ba, duba nan kafin ka zargi kowa. Kunnuwan da ke juyawa baibai kuma haka wasu na farkon shekarun 1960 suke, hannu zai saba. Haka faɗin wuyan tsohuwar Precision, inci 1.75 a sama, inda Jazz ke da 1.5. Wannan kam a gwada kafin a biya, don ba ya gyaruwa.

Sai gunjin lantarki. Jazz Bass maganaɗisu biyu gare ta, kowanne shi kaɗai yana kwaso gunji, amma in ka buɗe maɓallansu biyu daidai da juna sai gunjin ya ɓace. Precision ta 1954 guda ɗaya gare ta, don haka dole ta ɗan yi. Sai a 1957 aka raba shi gida biyu don kashe wannan ƙara. A ɗakin da ke kan janareta, ko wanda wayoyinsa ba su da ta ƙasa, abin ya fi tsanani. Ɗan juya jikinka kana riƙe da gitar, za ka ji inda ya ragu. Amma in tsirkiya ta ɗan ja ka kamar wuta, zare amfilifaya nan take ka nemo mai gyaran wuta, ba batun sauti ba ne kuma.

Fentin da yawa daga cikin gitocin nan naitiro ne, wato irin fentin gitocin da, siriri mai laushi. Robar abin jingina gita na iya narka shi ta bar tabo, haka turare da duk abin da ke da sinadarin barasa. Shimfiɗa ƙyallen auduga a inda jiki da wuya ke taɓa robar, ka kuma riƙa gogewa da busasshen ƙyalle kawai. Barin ta cikin but ɗin mota a zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi, sannan a shigar da ita ɗaki mai sanyin na'ura a buɗe akwati nan take, shi ke tsattsaga fentin. A bar akwatin a rufe ya huce tukuna.

Hunturu ma da nasa. Katakon wuya kan tsuke saboda bushewar iska, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin firet ya leƙo yana yankar hannu. Kada ka ɗauko zarto. Ajiye gitar cikin akwati tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse, a cikin gidan sabulu mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. In bayan mako biyu bakin bai koma ba, mai gyara ya goge shi a lokacin hunturun, tun katakon na tsuke. Lanƙwasar wuya kuma a sake auna ta da shigowar damina, domin za ta motsa.