Yadda za ka ware uku daga tarin tsofaffin agogunanka

In Allah Ya hore maka tarin tsofaffin agogunan hannu masu maɓalli biyu a gefe, waɗanda ake kira kuronogiraf, wato masu auna tsawon lokacin da abu ya ɗauka, ba duka za ka iya riƙewa ba. Kowanne sai an wanke injinsa an sa masa mai, kuma kuɗi ne. Ni shawarata ka ware uku.

Kafin ka duba suna, gwada aikinsa. Wana agogon, ka danna maɓallin sama. Dogon tsinken tsakiya ya tashi nan take, babu tsalle. Zuba ido kan ƙaramar da'irar da ke ƙirga minti: da dogon ya cika zagaye, ita ma ta matsa ɗaya. Sake danna na sama ya tsaya, sannan ka danna na ƙasa. Tsinken ya koma kan 12 cif. In ya tsaya a karkace, ko maɓallin ya cije, tura shi gefe. Kada ka danna na ƙasa yana cikin gudu, yawancin tsofaffin ba a ƙera su don haka ba.

Sai fuskar agogon. Wadda ta dafe don tsufa ta fi wadda aka sake wa fenti daraja nesa ba kusa ba. Duba ƙasan lamba 6 da kyau. In ka ga T a gefen rubutun SWISS, sinadarin da ke haske da dare tiritiyam ne. Waɗanda suka girmi shekarun 1960 kuwa galibi radiyam aka shafa musu, mai cutarwa, don haka kada ka buɗe su da kanka.

Yanzu a zo ga suna. Mai Omega Speedmaster ba ya buƙatar shawara, shi ne na farko, musamman in injinsa mai lamba 321 ne, wanda aka canza da 861 a 1968. Irinsa ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya ɗaura a duniyar wata a 1969. Sai dai mu a Zariya Seiko muka fi sani, shi ne na biyu. Nawa samfurin 6139 ne mai fuska ruwan ɗorawa, tsarabar kawuna daga aikin Hajji. A 1969 aka fito da shi, yana cikin kuronogiraf na farko masu wana kansu, kuma ɗan sama jannati William Pogue ya je da irinsa tashar sararin samaniya ta Skylab a 1973. A kula, fuskokinsa na jabu sun cika kasuwa.

Na ukun ya zama na sawa kullum, wanda gyaransa ba zai gagara ba. Nemi mai injin Valjoux 7733 ko Landeron 48. Kamfanoni da dama sun yi amfani da su, saboda haka kayan gyaransu sun fi samuwa, ko da sunan da ke fuskar ba sananne ba ne.

Masu gyaran agogo suna nan a Sabon Gari da Tudun Wada, amma canza batir daban, kwance kuronogiraf daban. Tambayi mutum, “Malam, ka taɓa kwance irin wannan?” In ya yi jim, karɓi kayanka. Gilashin da ya tsage a canza shi kafin hunturu, don ƙura ba ta da wuyar shiga. Robar da ke tare ruwa kuwa ta daɗe da bushewa, sai ka cire agogon duk lokacin da za ka yi alwala.